Yaran da suka fi ƙarfin ajinsu: yadda ƙungiyar malaman yara masu baiwa ta jihar Teksas ta taso, da abin da take faɗa a kai

Kusan duk inda ka je za ka ji malamai da iyaye suna cewa ai yaro mai ƙoƙari ba abin damuwa ba ne, shi zai kai kansa, a bari a ji da waɗanda ba sa ganewa. Maganar tana da daɗin ji kuma kamar akwai adalci a ciki, amma duk wanda ya taɓa tsayawa gaban allo ya san ba haka abin yake ba. Ka ɗauki yarinya 'yar aji uku, malama ta ba da lissafi guda ashirin, ita ta gama a minti biyar duka daidai, saura minti talatin da biyar a tashi. Me za a yi da ita? Ko dai a ƙara mata wasu ashirin ɗin irin waɗanda ta riga ta iya, ko a ce je ki taimaka wa wance, ko a ba ta littattafan 'yan aji ta tattara ta kai ofis. Gobe ma haka, jibi ma haka, har shekara ta ƙare ba ta koyi sabon abu ko ɗaya ba, kuma a takarda ita ce ta ɗaya don haka babu wanda ya ga matsala. Wasu yaran irin wannan sai su koma surutu da tsokana a ce ba sa ji, wasu su yi shiru su daina ɗaga hannu, da yawa kuma sai sun shiga jami'a su tarar ba su iya zama su yi karatu ba saboda tunda suke ba a taɓa ba su abin da ya sa su gumi ba.

To a Amurka akwai ƙungiyoyi na malamai da iyaye da aikinsu kenan, wannan yarinyar, kuma kusan kowace jiha da tata. Wadda zan yi bayani a kai ita ce ta jihar Teksas, sunanta Texas Association for the Gifted and Talented, ana taƙaita shi da TAGT, an kafa ta a 1978, hedikwatarta na Austin babban birnin jihar, kuma tana cikin mafi girma a irin waɗannan ƙungiyoyi na jihohi. Na zaɓe ta ne saboda tarihinta ya nuna abu ɗaya ƙarara: tausayin yaro mai baiwa ba ya sayen komai sai an mai da shi doka, dokar ma ba ta tafiya sai an rubuta mata nata kuɗin da sunanta a kasafi.

Amma kafin nan sai an fahimci me ya sa faɗan yake a jiha ba a tarayya ba, don in ba a gane wannan ba sauran ba zai zauna ba.

A tsarin Amurka ilimi ba na gwamnatin tarayya ba ne, na jihohi ne, su kuma jihohin sun raba shi ga gundumomin makarantu, kowace gunduma da zaɓaɓɓen kwamitinta da harajin gidaje da filaye da take karɓa. Abin da tarayya ke sakawa a kuɗin makarantun firamare da sakandare bai cika wuce kashi ɗaya cikin goma ba. Duk da haka a kan yara masu buƙata ta musamman tarayya ta yi doka mai haƙori tun 1975, wadda ta ce dole kowane yaro mai naƙasa ya samu ilimi kyauta daidai da buƙatarsa, kuma iyaye za su iya kai gunduma kotu in ta ƙi. Yara masu baiwa ba su samu irin wannan dokar ba, har yau ɗin nan.

Ba wai ba a yi magana ba fa, an yi ta sosai. Tun 1921 Lewis Terman na jami'ar Stanford ya fara bin diddigin yara kimanin 1,500 masu ƙwaƙwalwa ta fice, yana bin rayuwarsu har girma. Leta Hollingworth a New York ta buɗe azuzuwa na gwaji don irin waɗannan yaran kuma ita ce ta fara jan hankali sosai kan kaɗaici da damuwar da suke shiga. A 1954 Ann Isaacs ta kafa ƙungiyar ƙasa ta yara masu baiwa, NAGC, a jihar Ohio. Sai 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik, hankalin Amurka ya tashi, a 1958 aka yi dokar zuba kuɗi a kimiyya da lissafi da harsuna don kar a bar su a baya. Wannan ya zama ɗabi'a, duk lokacin da ƙasar ta tsorata da wata abokiyar gasa sai a tuno da haziƙan yara, in tsoro ya lafa sai a manta. A 1972 kwamishinan ilimi na tarayya Sidney Marland ya kai wa majalisa rahoto, wanda ya ba da ma'anar yaro mai baiwa ta farko a hukumance, ya ce aƙalla kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari na ɗalibai ne, kuma mafi yawansu ba sa samun komai na musamman. Aka buɗe ofishi a tarayya saboda su, amma zuwa farkon mulkin Reagan a 1981 aka narkar da kuɗin a cikin dunƙulallen tallafin da ake bai wa jihohi, ofishin ya watse. A 1988 aka yi dokar Javits, ita ce kaɗai abin da tarayya ke da shi na musamman a wannan fannin, kuma kuɗin bincike ne da gwaje-gwaje ba kuɗin da za a ɗauki malami a saka a aji ba, ƴan miliyoyin daloli ne a shekara alhali na ilimin yara masu naƙasa ya haura biliyan 10, daga 2011 zuwa 2013 ma ko sisi ba a ware mata ba.

Shi ya sa in ka tsallaka iyakar jiha a Amurka sai ka ga abin ya canza gaba ɗaya. Wata jihar doka ta ce a gano yaran a kuma koyar da su, wata ta ce a gano su kawai amma koyarwar ganin dama ce (Ohio kenan, duk da cewa a can ƙungiyar ƙasar ta fito), wata kuma ba ruwanta. Abin da ke bambanta su sau da yawa shi ne ko akwai mutanen da suka haɗa kai suna zarya majalisar jiha ko babu.

A Teksas majalisa ta yi dokarta ta farko kan yara masu baiwa a 1977, shekara biyar bayan rahoton Marland. Shekara ɗaya bayan nan aka kafa TAGT, a 1979 kuma jihar ta fara ware kuɗi, amma ba dole, gundumar da ta ga dama ta yi wadda ba ta ga dama ba ta bari. Ka san inda wannan zai kai. Unguwannin masu hali da ke kewayen Dallas da Houston, inda iyaye suke lauyoyi da likitoci da injiniyoyin mai, su za su matsa wa kwamitin makaranta lamba har a buɗe shiri, ita kuwa ƙaramar gunduma a yammacin jihar ko a bakin iyakar Meziko ba mai matsa wa kowa. Jihar tana da gundumomi sama da 1,000, wasu ɗalibansu sun haura 100,000 kamar Houston, wasu duka makarantar ba ta kai yara 200 ba.

Babban canjin a 1987 ya zo, lokacin ƙungiyar tana da shekara tara, majalisa ta wajabta wa kowace gunduma ta gano yara masu baiwa ta kuma yi musu tanadi a kowane aji, tun daga rabin aji har ajin ƙarshe na sakandare. A 1990 hukumar ilimi ta jihar, wadda mambobinta 15 zaɓarsu ake yi, ta amince da kundin tsari na jiha wanda ya fayyace yadda za a yi, an kuma yi ta sabunta shi, a 1996 da 2009 da 2019. Yanayin lokacin ma ya taimaka, don a 1984 an yi gagarumin garambawul na ilimi a jihar bayan kwamitin da attajiri Ross Perot ya jagoranta, kuma a 1987 ɗin dai majalisa ta kafa makarantar lissafi da kimiyya ta TAMS a jami'ar North Texas da ke Denton, inda haziƙan ƴan sakandare ke zama a jami'a su yi shekara biyun ƙarshe suna ɗaukar darussan jami'a. Mu a Najeriya irin wannan muka fi sani, a ware makaranta guda kamar ta tarayya da ke Suleja a kwaso yara daga ko'ina a kai su can. Abin da dokar 1987 ta nema daban ne kuma ya fi wuya: yaron ya zauna a garinsu, a makarantar unguwarsu, makarantar ce za ta canza saboda shi.

Wani abu da ya kamata a sani game da Teksas, majalisarta ba kullum take zama ba, sau ɗaya ne duk shekara biyu, a shekarun da ba sa rabuwa biyu, kuma zaman bai wuce kwana 140 ba. In ƙudurinka bai wuce a cikin waɗannan kwanakin ba sai ka jira wata shekara biyu. Malamar da ke aji daga safe zuwa yamma ba ta da lokacin bin ƙuduri daga wannan kwamiti zuwa wancan, uban yaro ma haka, kuma yaronsa zai gama makaranta ya tafi shi ma ya daina zuwa. Ƙungiya kuwa tana nan, tana da ofis a Austin, ta san wane ɗan majalisa ne ke shugabantar kwamitin ilimi, ta san ranar da za a saurari jama'a, za ta aika wa mambobinta saƙo su kira wakilansu ko su zo su ba da shaida na minti biyu ko uku. A ganina wannan ne asalin amfaninta, ita ce ke tuna abin da aka yi alkawari shekara goma baya bayan duk waɗanda suka yi alkawarin sun bar kujera.

To me dokar ta ce a zahiri? Ma'anar da ke cikin dokar ilimin Teksas ta burge ni a wuri ɗaya. Ta ce yaro mai baiwa shi ne wanda yake yin fice ƙwarai, ko yake nuna alamar zai iya yi, idan aka gwada shi da sa'o'insa a shekaru, ko a gogewa, ko a muhalli. Sai ta lissafa fannonin: ƙwaƙwalwa, ƙirƙira, fasaha, shugabanci, ko fice a wani darasi guda. Wato ba a ce sai ya fi kowa a jihar ba. Yaron da iyayensa leburorin gona ne, gidansu ba littafi ko ɗaya, Sifaniyanci ake yi a gida, amma a wata shida ya kama Turanci yana yi wa uwarsa tafinta a asibiti, doka ta ce a gwada shi da yaran da suka taso a irin halinsa, ba da ɗan farfesa ba. A takarda kenan. Aiwatarwa kuma zan zo kanta.

Sannan ba mutum ɗaya ke yanke hukunci ba. Dole gunduma ta kafa kwamiti na aƙalla malamai ko jami'ai uku da suka samu horo, kuma ba a yarda a dogara da jarrabawa ɗaya ba, sai an haɗa bayanai daga wurare da yawa. In ka leƙa fayil ɗin yaro a gaban irin wannan kwamiti za ka ga sakamakon gwajin basira, da na jarrabawar darussa, da fom ɗin da malamarsa ta cike kan yadda yake tambaya da yadda yake warware matsala, da wanda iyaye suka cike, wani lokaci da samfurin aikinsa, labarin da ya rubuta ko wani abu da ya ƙera. Ƴan rabin aji ma dole a tantance su a fara musu tanadi kafin 1 ga Maris. In kwamiti ya ce a'a iyaye suna da damar ɗaukaka ƙara, akwai ƙa'idar yaron da ya canza gunduma, akwai ta wanda yake son ya ɗan huta daga shirin ya dawo. Yaron da ya ga ajin ya yi masa kaɗan kuma zai iya zana jarrabawar tsallake darasi ko aji, in ya ci maki 80 cikin ɗari ya wuce.

Ɓangaren da ya fi shafar ƙungiyar kai tsaye shi ne horar da malamai. Duk malamin da zai koyar da waɗannan yaran a shirin dole ya yi kwas na awa 30 a kan halayensu da buƙatunsu, da yadda ake gano su, da yadda ake tsara musu darasi, in an ba shi ajin bai yi ba sai ya kammala a cikin zango ɗaya, bayan nan kuma duk shekara sai ya ƙara awa 6. Shugabannin makarantu da masu ba ɗalibai shawara da ke da hannu a shirin su ma an ɗora musu awa 6. Wannan ƙa'idar ita ta mai da abin sana'a. Da zarar doka ta ce dubban malamai sai sun nemi awa shida duk shekara, dole a samu inda za su same ta, cibiyoyin ilimi na shiyya guda 20 da jihar ke da su suna bayarwa, gundumomi suna yi, TAGT ma tana yi ta babban taronta na shekara-shekara da kwasa-kwasan intanet. Tana fitar da mujalla mai suna Tempo, tana shirya taro na daban don jami'an da ke kula da shirin a gundumomi, tana ba ɗalibai tallafin zuwa shirye-shiryen hutun bazara, tana kuma karramar malamai. Wani zai ce to ai ƙungiyar tana cin moriyar dokar da take karewa, kuma gaskiya ne, kuɗin rajistar taro yana cikin abin da ke riƙe ta. Ni dai ban ga aibu a nan ba matuƙar horon na gaske ne, don malamar da ba a taɓa nuna mata yadda ake taƙaita wa yaro abin da ya riga ya iya a ba shi wani abu mai zurfi ba, ba laifinta ba ne in ta ƙara masa lissafi ashirin. Damuwata ita ce awa 30 ta yi kaɗan, kuma satifiket na musamman a fannin yana nan amma jihar ba ta wajabta shi ba.

A 1999 aka ƙirƙiro wani shiri na ma'aunin aiki, saboda an lura jarrabawar jiha ba ta iya nuna ci gaban yaron da tun farkon shekara yake cinye ta. Sai aka ce a bar shi ya ɗauki wani batu ya yi bincike mai zurfi na tsawon lokaci, a manyan azuzuwa har da wani ƙwararre a waje da zai riƙa duba shi, a ƙarshe ya gabatar da abin da ya yi a gaban mutane su yi masa tambayoyi. Burin da jihar ta rubuta shi ne ɗalibin da ya gama sakandare a wannan shirin ya fito da aiki mai ingancin na ƙwararru.

Sai dai a daidai wannan lokacin iska tana kaɗawa wani ɓangaren. Teksas ce ta yi suna da tsarin auna makarantu da jarrabawar bai-ɗaya, kuma da gwamnanta George W. Bush ya zama shugaban ƙasa ya tafi da tsarin zuwa Washington, ya sa hannu a dokar tarayya ta kar a bar wani yaro a baya a farkon 2002. Niyyar mai kyau ce kuma yaran da aka daɗe ana watsi da su sun amfana. Amma ka sa kanka a matsayin hedimasta, ana auna makarantarka da yawan yaran da suka haye layin ci, in ba su haye ba aikinka na cikin haɗari. Ina za ka kai mafi kyawun malamanka da awannin ƙari? Wajen yaran da ke dab da layin mana. Yarinyar da ta haye tun kafin a buɗe makaranta ba ta ƙara maka komai ba ta rage maka komai. Babu wanda ya soke dokar 1987, tana nan, amma hankalin makarantu ya koma wani wuri, kuma shekaru da yawa aikin ƙungiyar ya koma tunatar da mutane cewa dokar fa tana nan.

Yanzu maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi zafi. A tsarin Teksas kowane ɗalibi yana da wani kuɗi na asali da jiha ke lissafa wa gunduma, sai a ƙara wani kaso a kai saboda ɗalibai masu buƙata daban, masu koyon Turanci da ƴaƴan talakawa da masu naƙasa. Shekaru da yawa yaro mai baiwa yana jawo ƙarin kashi 12 cikin ɗari, amma da iyaka, ba za a biya gunduma kan fiye da kashi 5 cikin ɗari na ɗalibanta ba ko da ta gano fiye da haka, kuma a jihar gaba ɗaya waɗanda ake ganowa sun kai wajen kashi 8. A 2018 wani kwamitin jiha kan kuɗin makarantu ya duba ya ce tunda kusan kowace gunduma tana kaiwa wannan iyakar ta kashi 5, ai kuɗin ya zama kamar kowa ana ba shi daidai da yawan ɗalibansa, to me zai hana a zuba shi a kuɗin asali a huta da lissafi. A 2019 aka yi haka a cikin babbar dokar HB 3 ta dala biliyan 11.6 da Gwamna Greg Abbott ya sa wa hannu, kuɗin asali ya tashi daga dala 5,140 zuwa 6,160, layin yara masu baiwa kuma aka goge shi. An dai ce wajibcin yana nan, gunduma za ta riƙa tabbatarwa duk shekara cewa tana da shiri, in ba ta da shi a rage mata kuɗi.

A lissafi masu wannan ra'ayin ba su yi ƙarya ba, kuɗin bai ɓace ba, ƙaruwa ma ya yi. Amma ƙungiyar da iyayen sun ƙi yarda kuma ina ganin su ne da gaskiya. In maigida ya ba da kuɗin maganin yaro daban ya ce wannan na magani ne, to magani za a saya, in kuwa ya haɗa shi da kuɗin cefane ya ce a ciki har da magani, ranar da shinkafa ta yi tsada ka san inda zai tafi, ba don uwargida muguwa ba ce. Jami'ar da ke kula da shirin a gunduma da tana iya shiga ofishin mai kula da kuɗi ta nuna masa layi ta ce wannan na yarana ne, yanzu kuwa sai ta shiga layi da masu neman gyaran motar makaranta da ƙarin albashi da kwamfutoci. Suka yi ta zarya har zaman majalisa na gaba, a 2021 dokar HB 1525 ta dawo da layin, amma da kashi 7 maimakon 12, iyakar kashi 5 kuma tana nan.

Bari mu buga lissafin don a ga girman abin da ake wannan faɗan a kai. Kashi 7 na dala 6,160, kuɗin asali na 2021, ya kama dala 431 ga kowane yaro a shekara. Ƙaramar gunduma mai ɗalibai 400, kashi 5 ɗinta yara 20 ne, wato kimanin dala 8,600 a shekara, wanda ko kusa ba zai ɗauki malami ɗaya ba. A irin waɗannan wuraren za ka tarar mai kula da shirin ita ce kuma mai kula da laburare ko mataimakiyar shugaban makaranta, yaran kuma a fitar da su daga aji awa ɗaya ko biyu a mako su yi wani aiki na daban su koma. Yaron kuwa ba awa biyu a mako yake da baiwa ba, kullum yake da ita, har a darasin lissafin ranar Talata da safe. Shi ya sa masana da yawa a fannin suka fi son a tara irin waɗannan yaran su huɗu ko shida a aji ɗaya wajen malamar da ta samu horo, ko a bar yaro ya je ajin gaba a darasin da ya fi ƙarfi, don waɗannan ba sa cin kuɗi sosai, tsarin jadawali kawai suke buƙata da shugaban makarantar da ya yarda.

Akwai suka mai nauyi da ake yi wa fannin gaba ɗaya, kuma bai kamata a kauce mata ba. Terman ɗin da aka fara da shi yana cikin masu aƙidar cewa wasu jinsunan mutane sun fi wasu ƙwaƙwalwa tun daga jini, yaran bincikensa kuma kusan duka farare ne ƴan gidan rufin asiri. Bayan kotu ta hana raba makarantu tsakanin farare da baƙaƙe a 1954, an zargi wasu gundumomi a kudancin ƙasar da amfani da azuzuwan haziƙai wajen ci gaba da rabawar a cikin gini ɗaya. A Teksas ta yau yara ƴan asalin Latin Amurka sun haura rabin ɗaliban makarantun gwamnati, amma kasonsu a shirin masu baiwa bai kai haka ba, baƙaƙen fata da ƴaƴan talakawa da masu koyon Turanci su ma haka. Wasu sun ce tunda haka ne a rushe shirin kowa ya zauna aji ɗaya. Ni ban yarda ba sam, don in ka rushe, ɗan mai kuɗi ba abin da ya rasa, za a ɗaukar masa malamin gida, a kai shi sansanin kimiyya lokacin hutu, ko a mai da shi makarantar kuɗi. Wanda ya rasa shi ne wancan yaron mai yi wa uwarsa tafinta, wanda makarantar gwamnati ce kaɗai damarsa.

Inda matsalar take sosai shi ne ƙofar shiga. In tsarin ya ce sai malami ko uba ya gabatar da sunan yaro kafin a gwada shi, to uban da ya san da shirin shi zai gabatar, wanda yake aiki biyu kuma takardar da aka aiko gida da Turanci take ba zai ma san an yi ba. Malami kuma mutum ne, yakan ga baiwa a yaron da yake da tsafta da ladabi da Turanci mai kyau. An gwada wata hanyar a gundumar Broward ta jihar Florida a tsakiyar shekarun 2000, aka yi wa duk ƴan aji biyu gwajin da ba ya dogara da harshe, siffofi ne da zane, ba tare da jiran kowa ya gabatar da kowa ba, kuma masana tattalin arziki David Card da Laura Giuliano da suka bi sakamakon sun tarar yawan baƙaƙe da ƴan Latin da aka gano ya yi tsalle sosai, yaran da dama can suna zaune a ajin ba wanda ya lura da su. Daga baya matsin tattalin arziki ya sa gundumar ta rage kashe kuɗi a kan tsarin, adadin ya sake sauka.

Gundumomi da yawa a Teksas yanzu suna yin irin wannan gwajin na kowa da kowa a aji ɗaya ko biyu, wasu kuma suna gwada yaro da ƴan makarantarsu maimakon ma'aunin ƙasa baki ɗaya, wanda shi ne ya fi dacewa da abin da dokar ta ce game da muhalli, kuma waɗannan batutuwa ne da ake yawan tattaunawa a tarukan TAGT. Sai dai gwada kowane yaro kuɗi ne, kuma gundumar da ta yi ƙoƙari ta gano kashi 9 ko 10 na ɗalibanta jiha ba za ta biya ta kan ko yaro ɗaya da ya haura kashi 5 ba, sauran daga aljihunta za ta ciro.